Miya Ba Nama: Yadda Wake, Gyaɗa da Daddawa Ke Riƙe Tukunya a Suleja

Suleja (Jihar Neja) – Tsadar rayuwar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ta sauya lissafin cefane a gidaje da dama, kuma nama na cikin abubuwan farko da ake ragewa idan kuɗi suka gaza. A Suleja, inda ɗimbin ma'aikata ke kwana su yi sammako zuwa Abuja, kuɗin mota da kuɗin miya daga aljihu ɗaya suke fita. Idan ɗaya ya ƙaru, dole ɗayan ya ragu.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yunin 2024. A wannan watan, hukumar ta ƙiyasta cewa baligi ɗaya na buƙatar Naira 1,241 a kullum kafin ya ci lafiyayyen abinci mafi araha. Kusan kashi ɗaya bisa uku na wannan kuɗi na tafiya ne wajen nama, kifi, ƙwai da madara, alhali kashi 13 cikin 100 kawai na kuzarin da jiki ke samu suke bayarwa.

Hausawa na cewa "tuwon girma miyarsa nama," abin da ya sa wasu ke kallon miyar da ba nama a matsayin alamar rashi. Sai dai miyar kuka, miyar wake, miyar taushe da fate iri-iri sun daɗe suna ciyar da al'umma a lokutan da nama sai ranar kasuwa ko ranar suna. Abin da ke raba miya mai gina jiki da ruwan barkono shi ne sanin aikin da nama ke yi a tukunya, da sanin abin da zai ɗauki wannan aiki idan babu shi.

Ayyuka uku na nama

Nama na yin ayyuka uku a miya. Na farko, yana bayar da furotin, wato sinadarin da jiki ke gina tsoka da jini da shi. Na biyu, romonsa yana ba miya ɗanɗano. Na uku, kitsensa da tsokarsa suna sa miya ta yi jiki, mai ci ya ji ya ƙoshi.

Kuskuren da aka fi yi idan nama ya yi wuya shi ne a cike gurbinsa da ƙarin dunƙule da ƙarin ruwa. Wannan yana yaudarar harshe, amma bai ƙara wa jiki komai ba sai gishiri. Kowanne daga cikin ayyukan nan uku yana da abin da zai iya riƙe shi, kuma duk ana samun su a Kasuwar IBB da ke cikin gari da kasuwannin Madalla da Lambata.

Furotin: wake da danginsa

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake. Masu binciken kayan tarihi sun gano ragowarsa a Kintampo da ke Ghana, wanda ya haura shekara 3,500, shaidar cewa tsohon abinci ne na Afirka ta Yamma. Kusan kashi 23 zuwa 25 cikin 100 na nauyin busasshen wake furotin ne. Gyaɗa na da kusan kashi 25, agushi ya ɗan fi haka, waken soya kuwa ya haura kashi 35. Ɗanyen naman sa maras kitse yana da kimanin kashi 20 zuwa 22.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ya nuna cewa baligi mai nauyin kilo 60 na buƙatar kimanin giram 50 na furotin a rana. Ke nan giram 100 na busasshen wake, abin da bai cika gwangwanin madara ba, yana biyan kusan rabin wannan buƙata.

Gaskiya ne wake ma bai tsira daga tsada ba. A tsakiyar 2024 rahoton NBS ya nuna farashin kilo ɗaya na jan wake ya ninka fiye da sau uku cikin shekara guda. Duk da haka bai kamo farashin kilon nama ba, kuma idan an dafa shi yana kumbura ya ninka nauyinsa, alhali nama raguwa yake yi a wuta.

Akwai hikima a yadda ake haɗa wake da hatsi. Furotin yana da tubala da dama da jiki ba ya iya ƙera su da kansa. Dawa, gero, masara da shinkafa suna da ƙarancin tubalin da ake kira laisin, wanda wake ke da shi a wadace; wake kuma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi da riɗi ke bayarwa. Saboda haka tuwo da miyar wake, shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, kowanne ɓangare yana cike giɓin ɗan'uwansa. Ba lallai ba ne a ci su a kwano ɗaya. Ya wadatar a same su cikin yini guda.

Jihar Neja na da rabo babba a wannan fanni. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, kusa da Bida, ita ke da alhakin inganta irin shinkafa, waken soya, riɗi da acca, yayin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ke kula da wake da gyaɗa.

Ɗanɗano: daddawa da haƙurin suya

Tun kafin zuwan dunƙule, daddawa ce ginshiƙin miyar Bahaushe. Ana yin ta da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa. Ana dafa kalwar na tsawon sa'o'i, a cire ɓawonta, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana biyu zuwa uku. A wannan lokaci wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suna farfasa furotin ɗinta, su saki sinadarin gulutamet. Shi ne sinadarin da masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa yana bayar da ɗanɗanon romo, kuma shi ne ake zubawa a dunƙule na kamfani. Bambancin shi ne daddawa na zuwa da nata furotin da mai, dunƙule kuwa mafi yawan nauyinsa gishiri ne. Inda kalwa ta yi tsada, ana yin daddawar waken soya ko daddawar batso daga 'ya'yan yakuwa.

WHO ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, saboda alaƙarsa da hawan jini. Duk uwargidan da ta daka daddawa ƙwaya biyu ta sa a miya tana iya rage dunƙule da rabi ba tare da an ji raguwar daɗi ba.

Hanya ta biyu ta samar da ɗanɗano ita ce suya. Albasar da aka soya a hankali cikin mai har ta yi ja tana fitar da zaƙi da ƙamshin da ɗanya ba ta da shi. Haka tumatir da tattasai: sai ruwansu ya ƙone, mai ya taso sama, tsaminsu ke mutuwa. Miyar da ke da nama tana iya ɓoye gaggawar mai girki. Wadda ba ta da shi ba ta ɓoyewa. Citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari da kimba su ke ƙarasa aikin, amma kaɗan-kaɗan, domin kimba da kanumfari suna da saurin rinjayar miya.

Kauri: abin da ke sa a ƙoshi

Aiki na uku ya fi sauƙi. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, agushi da riɗi kusan rabin nauyinsu mai ne, don haka suna ba miya maiƙo da kauri a lokaci guda. Kabewa, doya da dankalin Hausa idan suka narke suna ɗaure ruwan miya. Kuka, kuɓewa, karkashi da lalo suna bayar da yauƙin da ke tafiya da tuwo. Ga mai son abin tauna a cikin miya, akwai awara: idan aka yanka ta ƙanana aka soya kafin a zuba, tana shan romo ba tare da ta dagargaje ba. Agushin da aka kwaɓa da ruwa kaɗan aka dunƙula cikin tafasasshiyar miya shi ma yana yin curi-curi mai daɗin tauna.

Tukwane uku don iyali mai mutum shida

Miyar wake. A jiƙa wake gwangwani biyu na ɗan lokaci, a surfa shi a wanke har ɓawon ya fita. A ɗora shi da ruwan da ya sha kansa, da albasa ɗaya da dakakkiyar daddawa ƙwaya biyu, a bar shi ya dahu har ya fara narkewa, abin da kan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. A burge shi da maburgi. A wata tukunya a soya albasa cikin manja ludayi ɗaya, a zuba jajjagen tattasai uku, attaruhu uku da tumatir huɗu, a soya har mai ya taso. A juye waken a ciki, a sa gishiri da citta, a rage wuta, a riƙa juyawa don kada ya kama. Minti biyar kafin a sauke, a zuba alayyafo ko zogale. Tana tafiya da tuwon shinkafa ko na masara, kuma sananniya ce a ƙasar Nupe da ƙasar Yarabawa.

Miyar taushe. A fere rabin matsakaiciyar kabewa, a yanka, a dafa ta da daddawa har ta yi laushi, a farfasa ta. A zuba soyayyen kayan miya kamar yadda aka bayyana a sama. A dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani ɗaya da ruwan ɗumi a zuba, a bar ta ta dahu aƙalla minti 15 har ɗanyen ƙamshinta ya fita. Daga nan sai yakuwa kaɗan, sannan alayyafo da lawashi a ƙarshe. Wannan miya ta haɗa furotin na gyaɗa da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A daga kabewa da ganye.

Faten wake da doya. Yankin Suleja, Tafa da Gurara ƙasar doya ce, musamman a gonakin Gbagyi, don haka wannan fate ya fi araha daga lokacin da sabuwar doya ta fito. A jiƙa wake gwangwani uku tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi da sabon ruwa. Idan ya kusa nuna, a zuba yankakkiyar doya, manja, albasa, daddawa da jajjage. A rufe, a rage wuta, har doyar ta fara narkewa ta ɗaure faten. Ganye shi ne na ƙarshe.

Ka'ida ɗaya ta ratsa duka ukun: abu mai tsami, kamar tumatir, yakuwa ko tsamiya, yana hana wake laushi, don haka ba a zuba shi sai waken ya nuna. Ganye kuwa yawan dahuwa na kashe bitamin C ɗinsa, shi ya sa ake jinkirta shi.

Tukunya da wuta

Babban abin da ke hana wasu dafa wake shi ne cin gas ko gawayi. Jiƙa shi na tsawon sa'o'i shida zuwa takwas yana rage lokacin dahuwa sosai, kuma zubar da ruwan jiƙon yana fitar da wani ɓangare na sinadaran da ke haddasa kumburin ciki. Wannan ya fi zuba kanwa da yawa. Kanwa tana sa wake saurin laushi, amma tana lalata bitamin B1, kuma tana ƙara wa abinci sodiyom, wato sinadarin da ke cikin gishiri.

Suleja na da tarihi a harkar tukunya. A wannan gari, lokacin da sunansa Abuja, Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ta shahara har hotonta ya hau takardar Naira 20. Garin ya koma Suleja ne, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, bayan an ba sabon Birnin Tarayya sunan Abuja a 1976. Tukunyar ƙasa irin wadda matan Gbagyi ke ginawa har yau tana da amfani ga irin wannan girki: tana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ta ɗauka tana riƙe shi, ta ci gaba da nunar da wake ko kabewa a kan garwashi kaɗan. Mai tukunyar ƙarfe yana iya kwaikwayon haka ta hanyar rufe murfi da kyau da rage wuta bayan tafasa.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Dogaro da dangin wake ba na Najeriya kaɗai ba ne. A Indiya, miyar dal da shinkafa ita ce abincin yau da kullum na miliyoyin mutane. A Habasha ana yin shiro da garin wake, musamman a kwanakin azumin Kiristocin Orthodox da ba a cin nama. A Masar da Sudan ful shi ne karin kumallo. A Ghana, sunan shahararren abincin nan waakye daga kalmar Hausa "wake" ya samo asali. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2016 a matsayin shekarar dangin wake, sannan ta tsayar da 10 ga Fabrairun kowace shekara a matsayin ranarsu.

A kudancin Amurka kuma akwai cili, wata miya mai kauri da yaji da ta shahara a jihar Texas, kusa da iyakar Meziko, har jihar ta ayyana ta a matsayin abincinta na hukuma a 1977. Asalinta da nama ake yi, amma akwai nau'in da ake yi da wake zalla. Kayanta ba baƙi ba ne a Suleja, domin barkono, tumatir, masara da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo Afirka. Ana soya albasa da tafarnuwa, a zuba dakakken busasshen tattasai da barkono, a ƙara tumatir mai yawa, sannan dafaffen wake da tsabar ɗanyar masara, a bar su a ƙaramar wuta na rabin awa. Ana ci da shinkafa ko burodi. Masu sayen jan waken waje mai siffar ƙoda su lura: dole a jiƙa shi, a tafasa shi da ƙarfi na aƙalla minti 10, domin ɗanyensa na ɗauke da guba mai sa amai da gudawa. Waken soya ma ba a cinsa sai ya dahu sosai.

Inda tsirrai ba su isa ba

Akwai abin da wake da ganye ba sa bayarwa. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ana samunsa ne daga nama, kifi, ƙwai da nono. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye kuma jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Bitamin C na taimaka wa tsotsarsa, don haka matsa lemun tsami a fate ko cin gwaiba ko lemu bayan abinci yana da amfani. Shan shayi tare da abinci kuwa yana rage ta.

Wannan batu ne mai nauyi. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini, haka kashi 68 na yara 'yan wata shida zuwa 59, yayin da kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure. A ƙa'idojinta na 2023, WHO ta ce yaro ɗan wata shida zuwa 23 ya kamata ya riƙa samun nama, kifi ko ƙwai kowace rana. Ma'anar wannan ga gidan da kuɗinsa ba su da yawa a bayyane take: ƙwai ɗaya, ɗan busasshen kifi ko kofin nono da aka iya saye, ƙaramin yaro da mai juna biyu da mai shayarwa su ne suka fi cancanta da shi. Lafiyayyen baligi yana iya wadatuwa da miyar wake kwanaki da dama a mako.

Hattara wajen saye da ajiya

Wasu 'yan kasuwa na zuba maganin ƙwari a wake don hana shi ƙwaro. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin daikulobos da aka samu a cikinsa, kuma Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da irin wannan magani wajen adana abinci. Duk waken da ke warin magani a guje shi, domin wanki ba ya tabbatar da fitar gubar. Mai ajiye wake a gida yana iya shanya shi ya bushe sarai, ya zuba a jarka mai murfi ko buhun PICS mai ninki uku, inda rashin iska ke kashe ƙwaron ba tare da magani ba.

Gyaɗar da ta yi fumfuna, ta yanƙwane ko take ɗaci tana iya ɗaukar aflatoksin, gubar da ke illata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. A tsince gyaɗa da kyau kafin a kai markaɗe. Miyar wake da ta gyaɗa kuma suna saurin lalacewa a lokacin zafi. WHO na ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da sanyi ko zafi ba, kuma a tafasa ɗumame sosai kafin a ci.

"Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare," in ji masu iya magana, haka ma gwanintar mai girki ta fi bayyana a ranar da babu nama. Gidan da ya tanadi wake, gyaɗa, daddawa da busasshen ganye tun lokacin kaka, sa'ad da farashi ke ƙasa, ya kuma ware ɗan abin da ya samu na ƙwai da kifi ga ƙananan yara, yana iya rage kuɗin cefane ba tare da lafiyar iyalinsa ta biya diyya ba.